Inda Ake Sake Jan Igiya

Mun tashi da asuba, ƙarfe biyar da minti arba'in daidai, ranar Talata, daga bakin sitonmu a Kafanchan. Mu uku ne a gaban motar: direba, ni a tsakiya, sai 'yata ta biyu a gefen ƙofa da jakar kwamfutarta a kan cinya. Direban ya bar yaron motarsa a gida domin mu samu wurin zama. A bayanmu buhunan busasshiyar citta ne, sun cika bodi har sun haura, an rufe su da tamfol, za a kai su Jere a juye wa babbar mota. Ni na tsaya a kan lodin ranar Litinin da yamma, ni kuma na ƙulla igiyar ƙarshe da hannuna.

Kafin in shiga labarin hanya dole in faɗi abin da ya fitar da mu, domin ba na son labari ya fara daga tsakiya.

Shekara talatin da ɗaya ina aikin lodi, sha biyun ƙarshe ni ne shugaban masu lodi a sitonmu. Karatuna bai wuce firamare da allo ba, amma ina da littafi, kuma duk abin da na iya na rubuta shi a jere. 'Yar tawa ita ta yi karatun kwamfuta. Shekara biyu ke nan tana cikin wani aikin gayya da mutanen ƙasashe daban-daban suke yi ba tare da sun taɓa ganin juna ba. Abin da suke ginawa suna kiransa laburare, amma ba littafi ko ɗaya a ciki. Rumbu ne na lissafi: yadda abu ke faɗuwa, yadda yake gangarawa, yadda abu biyu ke karo, yadda igiya ke riƙe nauyi. Ka gaya wa kwamfuta ga mota, ga kaya, ga hanya, sai ta nuna maka abin da zai faru tun kafin ya faru.

Cikin rumbun an rubuta shi da wani yare mai wuya wanda sai ƙwararru. Malamin makaranta ko ɗalibi ba zai iya magana da shi kai tsaye ba, shi da wani yare mai sauƙi yake ba da umarni, layi biyar ko goma. Aikin 'yata shi ne gadar da ke tsakanin yarukan biyu, musamman ɓangaren igiya da kaya masu laushi irin buhu. Da ta yi mini bayani na ce, ashe tafinta kike ginawa. Ta ce haka ne.

Ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya gina ɓangare sai ya kawo misalin da zai nuna yana aiki. Wasu ƙwallo suke jefawa, wasu akwatuna suke jerawa. Ita ta ce lodin babanta za ta sa. Na zauna na ba ta matakaina guda tara, kamar yadda suke a littafina. Na ɗaya, a share bodi. Na biyu, a yi shimfiɗa. Na uku, layin farko a kwance, bakin buhu yana kallon ciki. Na huɗu, layi na biyu a gicciye. Na biyar, a tattake kowane layi kafin a ɗora wani. Na shida, nauyi ya fi yawa a gaba. Na bakwai, in an haura bodi a riƙa shigar da kowane layi ciki kaɗan. Na takwas, tamfol. Na tara, igiya, a ja ta har yatsa ya kasa shiga, a ƙulle.

Ta sa su duka, ta zana hanyar Kafanchan zuwa Jere da kwanoninta da ramukanta, ta saki motar. Lodina ya zube a wata kwana mai gangare bayan Kubacha. Ta sake, ya sake zubewa a wurin. Ta kira ni na gani da idona. Na ce mata a shekara talatin da ɗaya lodina bai taɓa zubewa a hanya ba, kuma gaskiya na faɗa. Ta yarda da ni. Tun da lodin ba ya zubewa, to kuskuren yana cikin gadarta ke nan, wani lissafi yana lalacewa wajen tsallakawa. Wata huɗu tana nemansa. Ta rame, ta daina fita, abinci sai an yi mata faɗa. Masu kula da rumbun kuma suka ce ƙarshen wata za su fitar da sabon zubi, kuma ɓangaren da mai shi da kanta ta ce yana da kuskure ba zai shiga ba. Ko ta gano shi, ko a ajiye aikinta na shekara biyu a gefe. Saura kwana sha shida ta ce mini, "Baba, ina so in bi motar in gani." Na ce ba za ta bi motar kaya ita kaɗai ba. Dalilin tafiyar ke nan.

Kafin mu tashi ta ɗaure doguwar gora a tsaye a gaban bodi, ta ja layi da alli daidai inda saman lodin ya kai. Direban ya kalle ta ya ce, "Injiniya, ko za mu auna ruwan sama ne?" Dattijo ne ɗan asalin ƙasar nan, mun san juna fiye da shekara ashirin, Sarki yake kirana don tsokana. Ya yi addu'arsa a kan sitiyari, na yi tawa, muka ɗaga.

Akwai kwana kusa da layin dogo, inda mota ke ɓace wa wanda yake tsaye a bakin sito. A nan idona yake rabuwa da kowace motar da na yi wa lodi. Na sha zuwa Abuja da Kaduna a ƙaramar mota, amma ban taɓa zama a gaban motar da ke ɗauke da lodina ba. Da muka karya kwanar nan sai na waiwaya, kamar zan hango kaina tsaye a can da littafi a hannu.

An yi ruwa kwana biyu kafin mu fita, saboda haka gari ya waye cikin hayaƙin damina. Duwatsun Kagoro da na saba gani kullum ba su fito gaba ɗaya ba, kawunansu kawai ke yawo a sama, gindinsu ya ɓace. Gonakin citta an lulluɓe su da ciyawa, sabon tsiro yana leƙowa ta ciki kamar allurai kore. Mata suna tafiya a jere gefen titi da fartanya a kafaɗa, sai su fito daga cikin farin nan, mu wuce su, su koma ciki. A wani ƙauye na ji ƙararrawar coci amma ban ga cocin ba. Motar tana tafiya a hankali saboda nauyi, kuma ƙamshin cittar yana shigowa ta tagar baya, mai zafi, mai sa ido ruwa kaɗan. 'Yata ta jingina kai da gilashi tana kallon madubin gefe, inda ake ganin kafaɗar lodin tana lilo.

Hanyar tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma direba ne yake zaɓar ramin da zai shiga. Duk ramin da muka faɗa ina jin buhunan a bayana suna gyara zama, wani sauti ƙasa-ƙasa kamar mutane da yawa suna juyi a kan tabarma ɗaya. Ban taɓa jin wannan sautin ba. A bakin sito lodi shiru yake.

Mun shiga Kwoi ƙarfe bakwai da kwata. Mangwaro ya yi yawa har ana zuba shi a ƙasa, kwando guda ba ya kai kuɗin 'yan ƙwayoyin da ake jerawa a tire a Abuja. Akwai zuma a jarkoki, akwai sabuwar masara ana gasawa. Ba mu tsaya ba. Na lura da wannan na ji daɗi, domin na daɗe ina faɗa da direbobi a kan tsaye-tsaye. Na san akwai wata bishiya bayan Kwoi da duk motocin citta suke yada zango, kuma na sha gaya musu cewa mutumin da ya karya kumallo a gida ba shi da hujjar sake zama cin abinci bayan awa biyu. Har na taɓa rubuta shi a littafina a ƙarƙashin abubuwan da ke ɓata lokaci.

Ni ba na barcin safe. Amma bayan Kwoi, da ɗumin inji da ƙamshin nan da lilon motar, ido ya rufe. Sai na gan ni a cikin ƙasar da ke cikin kwamfutar 'yata. Duk wanda ya taɓa ganinta ya san yadda take: fara fat, ba bishiya, ba gida, ba inda sama ta haɗu da ƙasa, sai layuka siraran da aka ja a ƙasa kamar takardar lissafi. Abu in ya faɗi a can ba ya yin ƙara. Ina tsaye sai ga motoci suna tahowa a jere, kuma na gane su ɗaya bayan ɗaya. Duk waɗanda na yi wa lodi ne, har da tsofaffin da aka daɗe da yankawa a sayar da ƙarfensu. Kowace da ƙullina a gefenta. Suna wuce ni ba direba a ciki, suna nufar wani wuri da ba na iya hangowa, kuma ina ta ƙirga su ina ɓata lissafi. Na so in bi su in ga inda suke zuwa, amma ƙafata ta ƙi ɗaguwa daga layin da nake tsaye a kai.

Burki ne ya tashe ni. Ƙarfe takwas saura minti biyar. Muna ƙarƙashin wata babbar bishiyar ɗorawa, ga rumfar kwano, ga tukwane a kan wuta, ga wata motar citta a gabanmu tana shirin tashi. Na buɗe baki zan yi maganar da na saba, sai direban ya riga ni.

"Sarki, sauka ka kama mini igiya. Yau ba yaro, kai ne yaro."

"Wace igiya?"

"Igiyan ka mana. Ya saki."

Na ce masa igiyata ba ta saki. Bai yi musu ba, ya dai sauka ya zagaya. Na bi shi don in nuna masa. Na kai hannu wurin da jiya yatsa ya ƙi shiga, sai hannuna ya shige har gwiwar hannu. Na gwada ta biyu, haka. Ta uku ta fi su. Ƙullina yana nan yadda na yi shi, bai motsa ba, lodin ne ya zauna ya bar igiyar a sama. Na ɗaga kai na kalli gorar. Layin allin yana can shi kaɗai, saman lodin ya sauka ƙasa da shi fiye da taƙi guda.

'Yata ta hau tayar ta auna da tef ɗinta na awo. Ta sauko ta buɗe kwamfuta a kan bencin mai abinci, ta nemi wani wuri, ta juyo mini da fuskarta. A cikin farar ƙasar nan, a daidai wannan nisan tafiya, lodin ya sauka kusan daidai da abin da ta auna, bambancin bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Muka kwance igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ni da direban, shi yana rataya da nauyinsa ni ina karɓar abin da ya samu ina zargewa. Igiya bakwai, minti ashirin da biyu. Ya yi aikin ba tare da ya duba hannunsa ba, yana ma gaisawa da mutane. Na tambaye shi tun yaushe ake haka.

"Tun kafin na fara tuƙi. Citta yana zama, Sarki. Ka taka shi yadda ka so, hanya zai sake taka shi. In ba ka ja a nan ba, gangaren Kubacha zai karɓi kayan ka."

"Shekara ashirin muna tare, ba ka taɓa gaya mini ba."

"Na ɗauka ka sani! Kai da littafi. Kuma in na fara cewa na tsaya a bishiya, kana bari na gama magana?"

Mai abincin, wata dattijuwa mai ɗaurin kai ja, ta baro tukunyarta ta zo tana kallon hannuna lokacin da nake ƙulla ta ƙarshe. Ni bahago ne, ƙullina ta hagu yake juyawa. Sai ta tafa hannu.

"Kai ne mai ƙulli na hagu? Kai! Ubangiji ya nuna mini kai yau. Baba, direbobi sun zage ka a wurin nan ba iyaka. Ƙullin ka ba ya kwantuwa, wani har haƙori yake sa. Da zagi yana ramar da mutum da iska ya ɗauke ka."

Duk wanda ke rumfar ya yi dariya, har 'yata, wadda na manta rabon da in ji dariyarta. Matar ta ce uwarta ce ta fara dafa abinci a wurin, kuma ba don yunwa ba ne direbobi suke tsayawa. Motoci ne suka fara tsayawa saboda igiya, uwar ta ga maza suna gumi ba ruwa, ta kawo tukunya ɗaya. Ta ce daga nesa take gane lodina da kafaɗarsa, tana cewa ga na bahagon nan ya iso. Ta zuba mana faten acca da ganye, mai zafi, da kunu. Na ci, a wurin da na rubuta a littafina cewa ɓata lokaci ne. Faten ya yi daɗi, wannan ma gaskiya ne kuma dole in rubuta.

Ina ci ina kallon 'yata. Ta rubuta 'yan layuka, ta tsaya, ta goge, ta dafe kai. Na ɗauka murna za ta yi tun da lissafinta ya fita. Ta ce lissafin ya fita, amma akwai wata matsalar. Tana so ta gaya wa motar cikin kwamfuta ta tsaya a nan a ja igiya, kuma ba ta da hanyar faɗa. Rumbun ya iya, yana iya ƙara wa igiya ƙarfi a kowane lokaci. Gadarta ce ba ta iya kai saƙon ba.

"Sau ɗaya take ɗaukar umarni, Baba, a farko. A yi lodi, a ɗaure, a saki mota, shi ke nan sai kallo. Yadda ka gaya mini haka na gina ta."

Na ajiye cokali. Na duba agogo na ce lokaci yana tafiya.

Mun wuce Kubacha ƙarfe tara da rabi. Gangaren yana nan yadda ta zana shi, da kwanar a ƙasansa. Na ga wurin sau da yawa a fuskar kwamfuta, inda buhunana suke zamewa a hankali, ɗaya ya ja ɗaya, suna birgima a farar ƙasa ba ƙara. Yanzu ga shi da jar ƙasa da ciyawa da wata akuya a gefe. Direban ya sauke giya. Motar ta karkata, na ji nauyin duka ya jingina gefe ɗaya, igiyoyin suka yi ƙara siririya kamar tsarkiya, suka riƙe. 'Yata ta leƙa madubi har muka miƙe. Daga nan ƙasar ta buɗe, gajimare suna tafiya ƙasa-ƙasa da inuwarsu a kan gonaki, kuma na daɗe ina tunanin duk motocin da na gani a barcina, kowace ta tsaya a ƙarƙashin ɗorawar nan, wasu mutane da ban san sunansu ba suna rataye da igiyata suna zagina suna gyara mini aiki.

A Kagarko ruwa ya tare mu, mai ƙarfi, har direban ya ce ba ya ganin gabansa. Muka fake a barandar wani mai shagon kayan masarufi, Bahaushe ɗan tsohon gidan kasuwa, wanda ya san mahaifina da suna. Ya ba mu benci, ya ba 'yata wurin sa caji. Awa ɗaya da kwata muka yi a nan. Ta ce bari ta gwada buɗe wa gadar ƙofa ta biyu, ko da ta wucin gadi ce. Gwajin farko, komai ya rufe kansa, fuskar kwamfutar ta koma ba komai. Ta ce yarukan biyu ne suka kai hannu kan igiya ɗaya a lokaci ɗaya. Gwaji na biyu ya fi ban mamaki. Motar ta tsaya, igiyar ta ja kanta, amma ta ja fiye da kima, sai buhunan suka tsartu sama gaba ɗaya. Muka tsaya muna kallonsu, ni da direba da mai shago, suna hawa cikin farin sararin nan suna juyawa a hankali, suna ƙanƙancewa, har suka zama ɗigo-ɗigo. Ba su dawo ba. A waje ruwa yana zuba a kan kwano.

Direban ya ce, "Injiniya, wannan lodi ya tafi sama kai tsaye, ko hukunci bai jira ba."

Ta ce ta san inda ta yi kuskure, kuma a muryarta na ji bambanci. Wata huɗu tana neman abin da babu shi. Wannan kuwa kuskure ne na gaske, mai wurin zama, wanda za a iya kamawa.

Mun isa Jere ƙarfe ɗaya saura kwata. Garin a bakin babban titin Kaduna zuwa Abuja yake, kuma bayan shirun hanyar da muka biyo sai ƙarar ta yi mini yawa. Doya a tsibi-tsibi, ayaba, manja a jarka, masu tsire, masu talla suna bin kowace motar da ta rage gudu. Komai ya fi na gida tsada, har ruwan sha. Ni da 'yata muka yi sallar azahar. Na tsaya na ga an sauke lodin, buhu bai ɓace ba, bai jiƙe ba. Masu lodin can suna da nasu tsarin, ban ce musu komai ba, abin da ba halina ba ne. Da za mu rabu direban ya riƙe hannuna ya ce, "Sarki, gobe in na tsaya a bishiya, za a rubuta ni a littafi?" Na ce a'a. Ya ce to ya gode Ubangiji da ya raya shi ya ga wannan rana.

Mun dawo a ƙaramar mota, mun bar Jere ƙarfe biyu da minti goma. Ƙaramar mota ba ta san nauyi ba, gangaren Kubacha ta haye shi kamar ba komai. Da muka zo ɗorawar akwai motoci biyu a ƙarƙashinta, mutum huɗu suna rataye da igiya, muka wuce su cikin ƙiftawar ido. Sau nawa na wuce wurin nan a ƙaramar mota ina ganin haka, ina cewa a raina ga malalata can? A nan ne na yi maganar da nake ta juyawa tun safe. Ban iya doguwar magana ba. Na ce wa 'yata, "Wata huɗun nan ni na ci miki su. Lissafinki daidai ne, jerina ne bai cika ba."

Ta ce, "Da ba ka dage ba, Baba, da na bar lodin ya zube na ce haka lodi yake. Da gadar ta fita da ƙofa ɗaya, ba wanda ya sani." Ta jingina kanta da kafaɗata, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama, ta yi barci har Kwoi. Ban motsa ba, duk da hannun ya mutu. Mun shiga gida ƙarfe biyar da rabi, kafin magariba. Na ɗauko littafina, na ja layi a kan abin da na rubuta game da bishiyar, na buɗe shafin matakai na ƙara na goma.

Kwana takwas ta yi tana gyara. Ranar Laraba da hantsi ta kira ni ɗakinta. Motar ta tashi a cikin farar ƙasar, ta yi tafiya, lodin ya zauna. Sai ta tsaya a wani wuri da ba komai, ba bishiya ba rumfa, igiyoyi bakwai suka ja kansu ɗaya bayan ɗaya. Ta tashi, ta gangara, ta karkata, ta miƙe. Na sa ta maimaita sau uku. Na tambaye ta ko za a iya dasa bishiya a wurin, ta ce ba ta da amfani a lissafi, amma za ta sa. Ta aika da aikin. Masu kula da rumbun sun amsa cewa zai shiga sabon zubin, sai dai misali ɗaya bai isa ba. Tun da yanzu ana iya taɓa igiya ana cikin tafiya, suna so a gwada da wasu kayan da wasu hanyoyin kafin su ce ƙofar ta zauna da gindinta, kuma aikin ba ranar gamawa gare shi ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ɗaya ne, ba zan ƙawata shi ba. Na san aikina har zuwa kwanar layin dogo, kuma na ɗauka a nan ya ƙare. Kwamfutar ba ta san komai ba sai abin da na gaya mata, ta kuma nuna mini daidai abin da zai faru da a ce duniya ta tsaya a kan abin da na sani.

Saboda haka ga roƙona, kuma ga direbobi da masu lodi nake yi, na Gwantu da na Kagarko da na ko'ina wannan ya kai. Wanda yake ɗaukar masara, ko doya, ko gawayi, ko waken soya, ya gaya mana abu huɗu a jere: wane kaya ne, a ina yake tsayawa ya sake jan igiya, sau nawa kafin ya isa, kuma taƙi nawa lodin yake sauka. In akwai wani abin da kuke yi a hanya wanda kuke ganin bai kai a faɗa ba domin kowa ya sani, shi na fi so. Kada ku ɗauka mun sani. Ku gaya wa kowane direban citta da ke shigowa Kafanchan ya kawo wa bahagon nan, sun san ni, sun daɗe suna ambatona. Wannan karon zan bari a gama magana kafin in buɗe littafi.